Zuwa ga fastoci da dattawanmu na zangunan Kumasi: wa zai tsaya da wanda ya bar wa Allah?

Iyayena fastoci, masu bishara, dattawan ikilisiya, da iyayenmu shugabannin zumuntar mata a Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Tafo da sauran unguwannin da ake yi wa Allah sujada da Hausa,

Alheri da salama na Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ku. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar garke. Ni ɗanku ne, a hannunku aka yi mini baftisma, ku kuka kuma damƙa mini ajin matasa nake koyarwa ranar Lahadi. Da ladabin ɗa nake wannan magana, na kuma zaɓi in yi ta a fili domin abin ya wuce ikilisiya ɗaya.

Maganar ramuwa ce ta kawo ni. Yaranmu suna jin ana cewa a bar wa Allah, suna amsawa da amin, amma zukatansu ba su kwanta ba. Ga irin abin da suke fama da shi. Yaro ya yi shekaru yana koyon aiki a Magazin ɗin Suame, unguwar masu gareji, yana wuni ƙarƙashin mota, da lokacin yaye shi ya zo sai maigidan ya laƙa masa satar sifana ya kore shi hannu wofi. Mace tana zuba susu, wato adashi, kullum daga cinikin koko da ƙosai, ta wayi gari mai karɓar kuɗin ya kashe waya ya ɓace. Wani ya biya kuɗin ɗaki na shekara biyu a gaba, kafin ya kwaso kayansa mai gida ya saka wani a ciki. Gwauruwa ba ta gama zaman makoki ba, dangin miji sun canza kwaɗon ƙofa. 'Yar kayayo, mai dakon kaya a ka, ta ɗauko kaya daga kasuwar Kejetiya har tasha, aka ba ta rabin abin da aka yi alkawari, aka haɗa mata da zagin garinsu. Babu wanda zai zama sabon labari a kunnenku. In suka kawo kuka, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, “Yi haƙuri, bar wa Allah.” A yi musu addu'a, a sallame su, su fita da nauyin da suka shigo da shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Maganar gaskiya ce, a kanta nake so in rayu in mutu. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa a sura 12 aya 19 cewa kada ƙaunatattu su yi ramuwa, su bar wa Allah, gama ramuwa tasa ce, shi zai sāka. Daga waƙar Musa ya ɗauko ta, a Maimaitawar Shari'a 32:35. Mutanen da ya rubuta wa kuwa ba 'yan jin daɗi ba ne: 'yan shekaru bayan wasiƙar, a shekara ta 64, Sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar Roma ya yi ta karkashe su. Kukana shi ne an riƙe rabin koyarwar an saki rabi, kuma rabin da aka saki shi ne wanda yake wuyan shugabanni.

Ko dalilin hanin ma ba kasafai ake faɗa wa yaran ba. Suna zaton Allah ya hana ramuwa ne domin abin da aka yi musu ƙarami ne a idonsa, ko domin yana son Kirista ya zama tabarmar kowa. Allah da ya ce wa Kayinu jinin ƙanensa yana yi masa kuka daga ƙasa bai ɗauki zalunci da wasa ba. Ya karɓe hukuncin daga hannunmu ne domin mai fushi ba ya gani sosai, kuma hannunsa ba shi da mudu.

Ku tuna ranar 29 ga Mayu, 2017. Kyaftin Maxwell Mahama ya fita gudun motsa jiki da safe a yankin Denkyira-Obuasi, aka hango bindiga a jikinsa, aka yi ihun ɗan fashi. Kafin wani ya tsaya ya tambaya, jama'a sun kashe shi da duwatsu da sanduna. Mutanen nan a ransu adalci suke yi, suna ramawa ne a kan 'yan fashin da suka addabe su. Sojan ƙasarsu suka kashe, mai mata da ƙananan yara. A watan Janairun 2024 kotu a Ankara ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. A Yulin 2020 kuma, a Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, dukan da ya kai ta kabari a kan zargin maita, mutane suna tsaye suna kallo, wasu suna ɗauka da waya. Duk wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a bakin kasuwa ya san da wuya a samu mutum ɗaya cikin masu jifan da ya ga satar da idonsa. Yaranmu suna cikin masu gudun nan da dutse a hannu, iyayena, kuma ranar Lahadi suna cikin mawaƙa.

Rashin mudun kuwa tun daga Farawa sura 4 aka nuna mana shi. Lamek ya tara matansa biyu yana kirari: ya kashe saurayi domin ya ji masa rauni, in za a rama wa Kayinu sau 7, shi sai sau 77. Dokar ido a bakin ido da Musa ya kawo daga baya linzami ce aka sa wa irin wannan, kuma alƙalai aka ba, ba mai ciwon ba. Kakanninmu sun riga sun faɗa, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Da yawa cikin membobinmu daga Arewa suka zo, wasunsu yaƙin 1994 ne ya koro iyayensu. Gardamar kuɗin zabo ce a wata kasuwa kusa da Bimbila ta kunna shi, ko da yake tsohuwar rigimar ƙasa da sarauta ce a ƙasan tukunyar. Wannan ƙauye ya rama, wancan ya rama ramuwar, har aka rasa wajen mutum 2,000, aka ƙone ƙauyuka ɗaruruwa. Sai a 1996, a nan Kumasi, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu. Mu mutanen zango ma muna da namu tabon. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, gidaje da yawa a zango suka watse, mutane suka sayar da abin da suka tara a wulakance. A 1983 gwamnatin Shagari ta koro wajen 'yan Gana miliyan ɗaya daga Najeriya. Akwai matsin tattalin arziki a duka biyun, amma a bakin talakawa da yawa cewa aka yi an rama. Wa aka rama wa, a kan wa? Malamin makaranta da mai gyaran takalmin da suka kwana a kan iyaka da jakunkuna a ka ba su ne suka sa hannu a dokar 1969 ba.

Akwai labarin da nake so ku riƙa karanta mana, domin ya fi kama da rayuwarmu. A 1 Sama'ila sura 24 Dawuda ya samu Saul a kogon En-gedi, mutanensa suna raɗa masa cewa yau ce ranar. Ya yanki gefen rigarsa kawai, har wannan ma zuciyarsa ta dame shi, ya ce Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu amma hannunsa ba zai taɓa shi ba. Wannan kowa ya sani. Sura ta gaba ce ba a cika taɓawa ba. Dawudan nan da ya ƙyale mai neman ransa, da wani attajiri mai suna Nabal ya hana mutanensa abinci ya haɗa da baƙar magana, sai ya ce kowa ya rataya takobi, ya ɗebi mutum 400, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya a gidan ba kafin gari ya waye. Haka muke. Mutum ya jure babban zalunci, raini ɗaya a gaban jama'a ya fitar da shi daga hayyacinsa.

Abigail matar Nabal ce ta tare shi. Ku duba yadda ta yi. Ba ta aika masa da saƙon ya yi haƙuri tana zaune a ɗaki ba. Ta ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da sauran guzuri a kan jakuna, ta bi hanya ta same shi. Ta amsa cewa an yi masa ba daidai ba, ta biya abin da ya kamata a biya, sa'an nan ta ce masa kada ya hau sarauta da jinin banza a wuyansa. Dawuda ya sa mata albarka domin ta hana shi ɗaukar fansa da hannunsa. Bayan kamar kwana 10 Ubangiji ya bugi Nabal ya mutu, kuma a nan masu wa'azi suka fi son tsayawa, kamar alkawari ne cewa maƙiyin kowa zai faɗi cikin kwana 10. Ba alkawari ba ne. Saul ma ya ƙara daɗewa yana farautar Dawuda bayan wannan. Abin da na ɗauka a wurin shi ne, wadda ta iya sauke takobin mutum 400 ita ce wadda ta zo da gurasa a hannu. Ikilisiyar da ke son yaranta su sauke takobi, aikin Abigail za ta yi.

To, a maimakon haka me muke gani? Ramuwar da muka hana a titi ta dawo ta ƙofar addu'a. A daren kwanan addu'a na Juma'a za ka ji ana cewa kowa ya tashi ya kira sunan maƙiyinsa, a mayar wa mai aike kayansa, wuta ta cinye, kabari ya buɗe. Ana tafi, ana buga ƙafa, ana rantsuwa cewa kafin wata ya ƙare za a ji labarin mutuwa. In aka ji surukar wata ta kwanta ciwo, sai a zo a ba da shaida, jama'a su yi guɗa. Wasu kuma da safe suna coci, da yamma suna hanyar rafin tsafi na Antoa da ƙwai da kwalbar giya su la'anci wanda ya cuce su da sunan rafin. Wannan na biyun kuna tsawatarwa a kansa, kuma daidai ne. Amma ku gaya mini bambancinsa da na farkon, ban da sunan da aka kira. Muradin ɗaya ne: gawar wane. Har “Allah ya isa” da muke faɗa, sau da yawa da cizon haƙora muke faɗarta, muna jiran mu ji mota ta kaɗe shi.

Da mutanen wani ƙauyen Samariya suka ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka ce ko su kira wuta daga sama ta cinye su. Luka 9 ya ce ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Almajiran da suka fi kusa da shi ke nan, ga kuma labarin Iliya da za su kafa hujja da shi, duk da haka bai yarda ba. Karin Magana 24:17 ta hana mu ko murna in maƙiyi ya faɗi. Na san za a ce mini ai Zabura 35 da 109 suna nan. Suna nan, kuma ba na so a cire wa mai ciwo su. Wanda aka zalunta yana da izini ya zube a gaban Allah ya faɗi duk ɗacin da ke cikinsa ba tare da ya yi masa kwalliya ba. Sai dai kuka ne na wanda ya kai ƙara, ba umarni ne ga alƙali ba. Wanda ya shigar da ƙara kotu, sa'an nan ya rubuta hukuncin da kansa ya miƙa wa alƙali ya ce sa hannu kafin Juma'a, bai yarda da kotun ba, ɗan aike yake nema. Kuma ina roƙonku ku duba da kyau wa ke cin ribar wannan addu'a, domin inda ake sayar da mai da ruwa na hallaka maƙiyi, ba a taɓa barin maƙiyan su ƙare ba. Kullum akwai sabo, kuma yawanci wata tsohuwa ce a gida, ko kishiya, ko maƙwabciya. Daga irin wannan nuni da yatsa ne ake isa Kafaba.

Abu na biyu ya fi wannan yi mini ciwo. “Yi haƙuri” ta zama murfin da ake rufe bakin mara ƙarfi. In mai laifin babba ne a ikilisiya, shi ya sayi kujeru, shi ya ba da siminti a ranar girbi, sai a kira wanda aka cuta gefe a karanta masa gafara sau saba'in har bakwai, shi kuwa mai kujerun babu wanda ya tare shi. Mace ta zo da ido a kumbure, a ce ta koma ɗakinta ta ƙara addu'a. Yarinya ta faɗi abin da wani babba ya yi mata, a ce a rufa asiri don sunan coci.

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 13. Amnon ya ɓata Tamar 'yar'uwarsa. Sarki Dawuda ya ji, Littafi ya ce ya husata ƙwarai, daga nan ba a ƙara jin ya yi komai ba. Shi ne uba, shi ne alƙalin ƙasa, ya yi shiru. Absalom kuwa ya ce wa Tamar ta yi shiru, ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a ranta. Kalmomin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Tamar ta zauna a gidan Absalom kamar wadda aka binne da rai. Shekara 2 cur Absalom bai ce wa Amnon uffan ba, ranar shagalin sausayar tumaki ya sa barorinsa suka kashe shi. Daga nan gudun hijira, daga nan tawaye, har yaƙin kurmin Ifraimu inda mutum 20,000 suka faɗi rana ɗaya, Dawuda yana kuka yana kiran ɗansa. Absalom ya yi zunubi, babu mai wanke shi. Amma a gonar shirun Dawuda ramuwarsa ta tsiro. Duk dattijon da aka kawo wa ƙara ya kau da kai domin mai laifin nasa ne, ya sani yana renon Absalom a bencin baya.

Barin ramuwa ga Allah bai taɓa nufin a bar gaskiya ta kwana a ƙasa ba. 'Yan ayoyi kaɗan bayan Bulus ya ce kada mu rama, a sura 13 ya ce mai mulki bawan Allah ne, ba a banza yake riƙe da takobi ba, shi ne mai hukunta mugu. Ashe ɗaya daga cikin hanyoyin da Allah yake sākawa ita ce hukuma. Bulus da kansa ya bi ta. A Filibi, da aka yi musu bulala shi da Sila ba shari'a, aka aiko da safe a sake su a ɓoye, ya ce sam, mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su. A gaban Festas ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Ubangijinmu da aka mare shi a gaban babban firist bai rama ba, bai kuma yi shiru ba, ya ce in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ya faɗa don me ake marinsa. Gwauruwar Luka 18 ba ta ƙone gidan abokin gabarta ba, ta yi ta sintiri ƙofar alƙali har ya gaji, kuma ita Yesu ya ba mu misali da ita. Zakka da ya tuba bai ce a yafe masa a wuce wurin ba, ya ce wanda ya cuta zai mayar masa ninki 4.

Ƙasar nan tana da ƙofofi, yawancin mutanenmu ne ba su san su ba, ko suna tsoron shiga domin ba su da Turanci. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, kuma akwai ofishin gwamnati da ke sauraron rigimar haya. Dokar gado ta 1985 ta ba matar mamaci da 'ya'yansa rabonsu in ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma laifi ne a fitar da su daga gidan kafin a raba gado. Akwai dokar 2007 a kan cin zarafi a cikin gida, da sashen 'yan sanda na DOVVSU da aka ware don haka. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tun 1993, akwai hukumar da ke ba marasa hali lauya, akwai zaman sulhu a kotuna don wanda ba ya son doguwar shari'a. Ga fadar Sarkin Zango, ga sarakunan ƙabilunmu, ga shugabannin masu gareji da na 'yan kasuwa. Ƙofofin nan suna da jinkiri, wasu suna da ƙura, na sani. Amma gwauruwar da dattijo ya sa rigarsa ya raka ta, ba kallo ɗaya ake yi mata da wadda ta je ita kaɗai ba.

Unguwarmu ta taɓa ganin amfanin wannan. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari 7 'yan zangon nan a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kun tuna yadda Asawase ta yi zafi, kun tuna tayoyin da aka ƙona. Tura ta kai bango, kuma da an biye wa zuciya da an ƙara wasu gawawwakin. Sarakuna da limamai da manyan unguwa suka riƙe matasa da hannu ɗaya, da ɗaya hannun suka matsa wa gwamnati lamba. Aka kafa kwamiti, kwamitin bai samu hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Diyya ba ta dawo da ɗa, kuma ba na cewa an share wa iyayen hawaye. Amma an wanke sunan yaran a idon duniya, abin da jifa da ƙone-ƙone ba za su taɓa yi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka ja gaba a wannan, kuma matasa sun saurare su ne domin sun ga manyan ba su ce haƙuri suka koma gida suka kwanta ba.

Saura tambaya mai wuya, wadda yaran suke yi mini in mun gama duk wannan: in an bi duk ƙofofin ba a samu komai ba fa? Yana faruwa. An kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu, sarkin Dagbon, a Yendi a Maris ɗin 2002. Waɗanda aka gurfanar, kotu ta sallame su a 2011. Sai a Janairun 2019, bayan doguwar wahalar kwamitin sarakuna da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta, Dagbon ta samu sabon sarki. An samu zaman lafiya, amma akwai jinin da kotun duniya ba ta ce komai a kansa ba. In na sarki haka ne, ina ga kuɗin mai koko?

A nan ne bangaskiya take fara aikinta na ainihi, kuma ina roƙonku kada ku sauƙaƙa mana ita da alkawarin ƙarya. Annabi Habakuk ya tambayi Allah har yaushe zai yi ta kukan zalunci ba a amsa ba, aka ce masa in ya ga kamar an yi jinkiri ya jira, zai zo. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba, sai da ya shiga Haikali ya gane ƙarshensu. A Wahayin Yahaya sura 6, har waɗanda aka yanka saboda shaidarsu suna ƙarƙashin bagade suna tambaya har yaushe, aka ba su fararen riguna aka ce su ɗan ƙara jira. Mun rage wa'azin ranar shari'a domin muna ganin tana tsorata mutane, alhali ga wanda aka zalunta ita ce bishara. Akwai ranar da za a buɗe littattafai, sifanar da ba a sata ba da kwaɗon da aka canza duk suna rubuce. Wanda ya gaskata da wannan ne kaɗai zai iya kwana da hannu a sake. Manzo Bitrus ya ce da aka zagi Almasihu bai rama ba, da ya sha wuya bai yi kashedi ba, ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Kwana na uku aka ga hukuncin.

Kuma ku faɗa mana sauran gaskiyar, ko da ba ta da daɗi. In ka bar wa Allah, ka bar masa har da ikon ya ji tausayin wanda ya cuce ka. Yunusa ya san haka, shi ya sa ya gudu, kuma da Nineba ta tuba ya ce gara ya mutu. Istifanas yana shan jifa ya roƙa kada a ɗora wa masu jifansa zunubin, alhali wani saurayi mai suna Shawulu, wanda daga baya ya zama Manzo Bulus, yana tsaye yana tsaron rigunansu. Da wutar da muke kira a daren Juma'a ta sauka a ranar, da babu wanda zai rubuta mana Romawa 12. Wannan bai sa laifin ya tafi a banza ba. Ko dai mai shi ya ɗauka a ranar shari'a, ko kuwa Almasihu ya riga ya ɗauka a kan gicciye, inda namu ma ya tafi. Ni ban san wata koyarwa da ta fi wannan nauyi ba, kuma mutum ba ya iya ɗaukarta shi kaɗai da cikinsa a wofi da kayansa a waje.

Shi ya sa nake roƙonku, iyayena. Ku hana addu'ar kiran mutuwa a kan bagadenku, ko baƙon mai wa'azi ne ya zo da ita, ku karɓi makirufo a hannunsa. Ku sa ranar da dattawa da iyaye mata za su zauna don jin ƙarar membobi, kamar yadda manzanni suka zaɓi mutum 7 da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye, kuma a bi Matiyu 18 har ƙarshenta ko da mai laifin shi ne ya gina rabin cocin. Maganar duka da ta lalata yara kada ta tsaya a ofishin fasto, a kai ta inda doka ta ce. A ware wani abu daga baiko don wanda aka cuta ya samu na tsayawa da ƙafarsa kafin a gama shari'a, ko jarin koko ne, ko akwatin sifana. Cikin matasanmu akwai waɗanda suka yi karatu, suna jin Turanci da Tuwi, sun san hanyar ofisoshin nan, sun kuma ce mini a shirye suke su riƙa raka duk wanda kuka turo, su yi masa tafinta, su cika masa takarda. Izininku suke jira. Ina roƙo a sa maganar a zaman dattawa mai zuwa, a kuma kira mu mu zo mu yi bayani.

Naku cikin Almasihu,
ɗanku, malamin ajin matasa,
Aboabo, Kumasi.